Ungulu Ba Ta Jewar Banza, Balle Ta Ƙarfe

Na ji ka, Malam Musu, ba sai ka ɗaga murya ba. Tun daga rumfar mai shayi ta bakin tashar Gidan Rumji nake jiyo ka, kofi a hannu, ƙafa ɗaya kan benci, kana raba wa sojan sama aiki. Wai ƴan bindiga sun faɗa wa wani ƙauye cikin dare, sun harbi mutum biyu, har rana ta take ba a ga ko inuwar jirgi mai saukar ungulu ba. "To ina amfaninsa? Ba an ce muna da shi ba? A murza makulli mana ya tashi!" Ka kurɓi shayi, ƴan rumfa suka ce wallahi ka faɗi gaskiya. Ni kuwa na rantse sai shayin nan ya huce a hannunka.

A murza makulli? Kasea ce? Kai da naka babur ɗin ma, ranar da hunturu ya sauka, sai yara uku sun tura ka har bakin masallaci kafin ya yi tari.

Tsaya, kada ka ɓata rai tukuna. Ba da jinin mutane nake wasa ba. Tun 2019 da dubun dubatar ƴan'uwanmu suka tsallako daga Sakkwato da Zamfara da Katsina, aka zaunar da wasu a Garin Kaka, wasu a Ɗan Daji Makau, wasu a Cadakori, duk mai gida kusa da iyaka ya manta da barci mai nauyi. Sojan ƙasa na can suna aikin da aka raɗa wa suna Farautar Bushiya, bushiya kuwa ka san ba a damƙar ta da gaggawa. Kukanka yana kan hanya. Lissafinka ne ya shiga daji, shi nake so in koro maka gida.

Mu fara da sunan. Bahaushen da ya fara kiran abin nan jirgi mai saukar ungulu, Allah ya saka masa, amma ya bar mu da ruɗu. Tun daga ranar kowa ya ɗauka in ya ga dama ko kan tsamiya sai ya sauka. Ka ce ai ko'ina yake sauka, ka gani a fim? Ka taɓa tsayawa kusa da shi?

Ni na tsaya. Ina saurayi wani ya sauka a filin ƙwallon garinmu, ya kawo manya. Tun da safe jandarmomi ke cewa a ja da baya, mu kuwa muka ce gani ya kori ji. Bai kai ƙasa ba duniya ta koma ja. Hular limaminmu ta tashi, ba a same ta ba sai da la'asar a gonar wani. Mai ƙosai ta kifa jikinta kan tire, ta ceci ƙosai, ta rasa kallabi. Zanan wani gida ya kwanta, awaki suka tsinke igiya, ni kuma na kwana uku ina tauna yashi. Kuma fa fili ne da aka yayyafa wa ruwa tun asuba. To kai da kake so ya sauka a gona bayan girbi, tsakanin kututturan kara da rumbuna masu jinka, cikin duhu, ka san abin da kake nema? Farfelar Mi-17, irin na sojanmu, faɗinta ya haura mita 21. Ƙurar da take tayarwa har matuƙin take rufe wa ido: a taku na ƙarshe, lokacin da ya fi bukatar ganin ƙasa, sai ya tsinci kansa kamar an zura shi cikin buhun gari. Jirage da yawa a duniya sun kife a daidai wannan gaɓar, ba wanda ya jefe su ko da tsinke. Ungulu ta Allah kilo biyu ce. Wannan in an cika shi tan 13 ne.

Ita ungulun ta Allah ma, yaushe rabonka da ganinta a mahauta? Tun 2015 aka sa irin tamu cikin jerin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa. Wata rana sai mun ce wa jikoki ungulu wata tsuntsuwa ce mai saukar jirgi.

Ka ce to ya zo ɗin mana, ko da ƙura? Daga ina? Kana jin yana nan bayan gidan sarki a ɗaure yana tuƙa kamar ragon layya? Babban sansanin sojan sama, mai lamba 101, yana Yamai. A ce daga can zai taso. Tsakanin Yamai da Gidan Rumji, a miƙe kamar tashin tsuntsu, kimanin kilomita 500 ne. In Agye ko Gazawa za shi, ya haura 600. Gudun Mi-17 a doguwar tafiya kilomita 230 zuwa 240 ne a awa. Lissafa da kanka, ai ka yi lakwal: awa biyu da ɗoriya, ban da lokacin da labari zai ci kafin ya kai, a tabbatar, a ba da umarni, a duba jirgi, a tada shi. Tankinsa na yau da kullum kuma iyakar inda yake kai shi ke nan, kilomita 500 zuwa 600. Wato zai iso maka da harshe waje, shi ma yana neman mai ceto.

A ba shi mai, ka ce, ga ƴan ruwa-ruwa nan jere a bakin hanya? Ina! Ba isansi yake sha ba, kalanzir ne, kuma ba na aci-balbal ɗin kakarka ba. A awa ɗaya yana kwankwaɗe sama da lita 600, jarka 24 ke nan ta lita 25. Sunan kasuwar taku kaɗai ma ya isa ya kore shi. Kowace safiya sai an tsiyayi man tankinsa a kwalba, an ɗaga ta a haske, ana neman ɗigon ruwa ko ƙwayar datti. Kai kuwa so kake a ɗura masa wanda aka tace da tsohon kallabi.

Yanzu mu leƙa cikin cikinsa, inda rigimar take. Ka ce inji inji ne, wanda ya iya na niƙa ya iya kowane? Haba malam. Wannan ba shi da fistan, ba shi da kabureta. Mi-17 inji biyu gare shi, sunansu TV3-117, kowane da ƙarfin doki kimanin 2,000. Aikinsa shaƙar iska. Ya zuƙo ta, ya bi da ita ta layi 12 na ƙananan wuƙaƙe masu juyawa, kowane layi na ƙara matse ta, a fesa mata kalanzir, ta kama da wuta, ta fito da zafin da ya kusa digiri 1,000 ta hura wasu wuƙaƙen. Sandar da ke fitar da ƙarfinsa tana juyi wajen 15,000 a minti ɗaya. Akwatin giya ne ke lallashin wannan hauka har ya sauko ƙasa da juyi 200, wanda babbar farfela ke iya ɗauka.

To riƙe wannan a ranka, ka fita ƙofar gida cikin watan Janairu ka dubi gabas. Abin da ke sa ka tari, ya fasa maka leɓe, ya sa uwargida shara sau uku a yini, shi injin nan ke haɗiya ba ƙaƙƙautawa. Kowace ƙwayar yashi magagari ce. Tana cin bakin wuƙaƙen nan kaɗan-kaɗan, su yi siriri, su daina matse iska yadda ya kamata, ƙarfi ya ragu, zafi ya ƙaru. Wadda ta kai inda wuta take kuma ta narke ta manne kamar ƙanzo a gindin tukunya. Shi ya sa in ka lura da hoton Mi-17 za ka ga wasu murafu biyu kamar an kifa ƙwarya a bakin injinan. Matatar ƙura ce. Tana taimako, amma sai ta ci ladanta daga ƙarfin injin, kuma ba ta tare duka. Injin da zai yi shekaru lafiya a ƙasar dusar ƙanƙara, in ya sha yashin Gobir da Katsina sai ya tsufa da ƙuruciyarsa.

Hunturu ya wuce, ka ce an huta? Sai bazara ta ce ga ni. Watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, iska ta yi tsululu kamar kunun gidan rowa. Farfela na kamfata ba ta samun abin kamawa, inji na shaƙa ba ya ƙoshi. A takarda jirgin nan yana ɗaukar majinyata 12 a kwance. Da ƙarfe biyun rana a Gazawa, da cikakken tanki, je ka tambayi matuƙin ko zai sa hannu a wannan takardar.

Ba yau aka fara ba. Ceton farko da aka taɓa yi da irin wannan jirgi a fagen yaƙi, a ƙasar Bama aka yi shi. Ba Bama ta Barno ba, waccan ta Asiya da Hausawa sojan Ingila suka je yaƙi. Cikin Afrilun 1944 wani laftanar ɗin Amurka, Carter Harman, ya je ɗauko mutum huɗu da jirginsu ya faɗi a yankin da sojan Japan ke riƙe da shi. Saboda zafi, ɗan jirginsa ƙirar Sikorsky bai iya ɗaga fiye da mutum ɗaya a tashi guda ba. Ya kwaso biyu, inji ya ɗau zafi ya ce shi fa ya gama na yau. Sauran biyun sai da suka ƙara kwana. Ka ga tun ranar sunan abin nan inji ke da ta cewa, jarumi sai dai ya jira.

Na san inda za ka ɓullo. Ka ce mu ƴan Maradi ba abin da ba mu gyarawa, a kawo shi tasha a ba yaran nan kwana biyu. A nan kam dole in cire hula. Ina da makaniki a Agye, ba zan faɗi sunansa ba don kada ya ƙara mini kuɗi. Na gan shi ya kwance kabureta a kan buhu, ya wanke ta da isansi a gwangwanin madara, ya sa baki ya hure ƴar ƙofar man, ya yanko gaskit daga kwalin sukari da reza, ya ɗaure abin da ya rage da robar tsohon tiyub. Ya goge hannu a wando ya ce, "Alhaji, hau ka gwada, in ya mutu a hanya ka turo shi." Allah ya yi masa albarka, babur ɗin ya kai ni Tasawa ya dawo da ni. Amma ka ji kalmar da ya rufe da ita? Ka turo shi. To a sama wa zai tura?

Kayan jirgi, ko ka kira su piyes ko ka kira su safaya irin ta ƴan Najeriya, ba a jiran su lalace. Kowane babban ƙarfe yana da takardarsa tun daga ranar da aka ƙera shi, kamar ɗan lakwal da takardar haihuwa: lambarsa, jirgin da ya hau, awa nawa ya yi a sama, wa ya taɓa shi, yaushe. Awanninsa na cika sai a cire shi, ko da yana ƙyalli kamar kwanon amarya. Ka ce almubazzaranci? Gajiyar ƙarfe ba ta nunawa a fuska. Lanƙwasa waya sau ɗaya, lafiya lau. Yi ta lanƙwasawa ka gani, ranar da za ta karye ba ta yi maka sallama. Injin kansa in ya yi awa 1,500 zuwa 2,000, gwargwadon samfurinsa, sai a sauke shi ɗungurungum, a sa a akwati, a aika inda aka yarda su buɗe shi, a yi watanni ana jira. In babu wani a ajiye da za a ɗora, jirgin ya zama rumfar tsuntsaye har ya dawo. Kuɗin kuwa da dala ake biya, kuma ba dalarmu ta sefa biyar ba.

Ka ce akwai mai sauƙi, wani abokinka mai zuwa Dubai ya san hanya? Araha ba ta ado, a sama kuwa ba ta ma sauka. Ranar 8 ga Satumba 1989 wani jirgin fasinja na Norway ya taso daga Oslo za shi Hamburg, ya tarwatse a kan teku kusa da Denmark, mutum 55 ba wanda ya fita. Da aka tsamo tarkacen aka duba, noti huɗu ne ke riƙe da wutsiyarsa, uku jabu ne. Shi ya sa a wannan sana'a ƙarfen da ba shi da takarda, ko daga hannun waliyyi ya fito, ba ya hawa jirgi.

To a sayo na gasken mana, ka ce. Madalla, ka fara hankali. A wurin wa? Gangar jikin Mi-17 a Rasha ake ƙera ta, a Kazan da Ulan-Ude. Zuciyarsa kuwa, injin nan, shekara da shekaru a Yukren ake yin ta, a masana'antar Motor Sich da ke Zaforiziya. Zamanin Tarayyar Sobiyet gida ɗaya ne, ba wanda ya damu. A 2014 aka ɓata kan Kirimiya, Yukren ta hana sayar wa Rasha kayan soja, Rasha ta koma tana haɗa nata injin, VK-2500, a St. Petersburg. A Fabrairun 2022 faɗa ya zama na gaba da gaba, Zaforiziya kanta ta shiga cikin garuruwan da ake yi wa ruwan wuta, aka kuma ƙaƙaba wa Rasha takunkumin da ya sa ko biyan ta kuɗi ta banki ya zama aiki. Uwa da uba sun rabu baram-baram, ɗa kuwa yana nan Afirka yana kukan nono. Kai kana rumfar shayi kana cewa yaƙin Turawa bai shafe ka ba.

Kuma ba Mi-17 kaɗai ba ne a gidan. Faransa ta ba da Gazelle uku a 2013, ƙanana masu inji ɗaya, injin ma ɗan Faransa. Amurka ta kawo Cessna da C-130, Turkiyya ta sayar mana da marasa matuƙi. Gidan mata huɗu ke nan, kowace da irin cefanenta, kowace da yarenta. Sufanar da ke kwance na Rasha ba ta kama kan notin Amurka, don na Rasha da milimita aka auna shi, na Amurka da inci. Makanikin da ya ƙware a ɗaya, a gaban ɗayan ɗan koyo ne. Sannan ka tuna sojan Faransa na ƙarshe ya bar ƙasar nan a Disamban 2023, na Amurka suka bi bayansa a 2024. Ban ce a yi ba, ban ce kada a yi ba, wannan musun na wata rumfar ne. Abin da na sani, ranar da ka ɓata da maƙerin garinku, gara ka riga ka san gidan wani maƙerin kafin damina ta faɗi.

Me makanikan soja ke yi in kaya suka yi jinkiri? Abin da rundunonin sama ke yi ko'ina a duniya, har masu kuɗin: a zaɓi jirgi ɗaya a kwantar, a ciro famfonsa a sa wa wannan, a ciro janaretansa a sa wa wancan. Ungulu na cin ungulu. Don haka in ka ji an ce ƙasa na da jirgi kaza, kada ka yi saurin tafi. Tambayi nawa ne za su iya tashi yau kafin azahar.

Ka ce duk wannan sakacin baƙar fata ne, da Turawa ne da tuni? Matso in ba ka labari. Afrilun 1980 Amurka ta tura masu saukar ungulu 8 su kuɓutar da mutanenta da ake tsare da su a Tehran. An ƙayyade in ba su kai 6 ba, ba za a ci gaba ba. Ɗaya ya nuna alamar tsagewar farfela, aka bar shi a hamada. Ɗaya ya shiga guguwar ƙura, na'urorinsa suka rikice, ya juya. Ɗaya ya iso amma famfon da ke taimakon tuƙinsa ya mutu. Saura 5. Shugaba Jimmy Carter ya ce a fasa. Wajen shirin komawa ɗaya ya yi karo da jirgin dakon mai, soja 8 suka mutu, ba su ko hango Tehran ba. Ƙura da famfo suka kayar da ƙasar da ta fi kowa kuɗi.

Na ga ka gyara zama, ka samo makami. Ka ce to shi Ba'amurken nan da aka sace a Masallata, kusa da Birnin Ƙwanni, a Oktoban 2020, ba cikin mako guda aka ɗauko shi daga dajin Najeriya ba? An yi haka, kuma na san inda abin ke yi maka ciwo, don ni ma nan yake yi mini. Amma dubi abin da aka tayar saboda mutum ɗaya: jiragen leƙen asiri, jiragen dakon soja, jiragen da ke shayar da ƴan'uwansu mai a sararin sama, bayansu kuma ɗakunan ajiya maƙil da kayan gyara da makanikai masu kwana a tsaye. Matuƙinsu bai fi naka zuciya ba. Rumbunsu ne ya fi naka hatsi.

Ga wata ƙaryar da kuke yaɗawa a rumfa, wai in inji ya mutu sai jirgi ya faɗo kamar dutse a rijiya. Ka taɓa gangara da keke ka daina taka feda, taya na ta gudu? Irin wannan dabarar ke tsakanin inji da farfela. Inji na tsayawa sai ta saki, iskar da ke tasowa daga ƙasa ta ci gaba da juya ta kamar ƴar farfelar kara da yara ke gudu da ita, matuƙi ya lallaɓa ya sauka. Tun a makaranta ake koya musu. Sai dai gwaji ɗaya ake ba mutum, kuma sai in akwai tazara da filin sauka. Shi ya sa a ƙa'ida in makaniki ya ƙi sa hannu, ko janar ne ke jira, jirgi ba ya ɗagawa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ka sha faɗin karin maganar nan, ba ka san don su aka yi ta ba.

Nan kam bari in sauke murya. Ranar 26 ga Disamba 2022 wani Mi-17 na sojanmu ya faɗi wajen sauka a Yamai bayan atisaye, mutum uku da ke ciki suka rasu. Ranar 14 ga Agusta 2023 wani na sojan saman Najeriya ya faɗi a yankin Shiroro na jihar Neja, kuma masu rauni ya je ɗaukowa. Ban ɗora ko ɗaya a kan kayan gyara ba. Na kawo su ne don ka san waɗanda kake cewa sun ƙi zuwa su ma ƴaƴan wasu ne, kuma in abu ya ɓaci ba su da gefen hanyar da za su raɓa. Allah ya jiƙansu.

To wa ke ceton mutumin ƙauyen naka? Kai ma ka sani, kunya ce ta hana ka faɗa. Amalanken shanu, da tabarma da bargo. Ɗan kabu-kabu, majinyaci a tsakiya, ƙanensa a baya yana tallafe da shi. Daga Gidan Rumji zuwa Maradi kilomita 50 ne da ƴan kai a kan kwalta, daga Agye kimanin 80. Wahalar tana tsakanin ƙauye da kwalta, a yashin da ke haɗiye taya, da gulbin da ke cika da damina, da daren da ba mai yarda ya fita. Likitocin yaƙi sun daɗe da gane cewa mai zubar da jini awar farko ce tasa. Wanda ya iya ɗaure rauni da kyau a wurin, da jakar jinin da ke jira a asibiti, sun fi jirgin da ke Yamai kusa da ransa.

Kwanakin baya na kai wata ƴar'uwata wata ƙaramar likita ta karkara, ba zan ce ta wane gari ba. A tsakar gidan ga motar ɗaukar marasa lafiya, fara sol, rubutun waɗanda suka ba da ita kyauta bai ko goge ba, an ɗora ta kan duwatsu, kaza ta yi ƙwai a ƙarƙashi. Na tambayi mai gadi, ya ce, "Wallahi Alhaji famfon gazuwal ne kawai, an rubuta takarda." Na ce yaushe? Ya ɗaga kai yana ƙirga damina. Ciwon ɗaya ne, na sama da na ƙasa: mun iya karɓar kyauta da guɗa, ba mu iya ajiye kuɗin famfo ba.

Ka ce ashe dai ni maƙiyin jirgi ne, so nake mu dawwama a amalanke? Kai, Bagobiri, ji tsoron Allah! Ni da nake so in ga ɗaya zaune a filin jirgin Maradi, da tankin mansa, da makanikansa, da injinsa na ajiya a akwati, da ma'aikatan jinya masu jiran kira. Daga nan ƙauyukan Gidan Sori da Tsibiri da Gangara duk tafiyar rabin awa ce ko ƙasa da haka. Ga soja mai rauni a dajin Baban Rafi, ga mai naƙuda da gulbi ya raba da asibiti, wannan rabin awar ba ta sayuwa da kuɗi. Abin da na ƙi shi ne jirgin hoto, wanda ake tarba da kiɗa da jawabi, bayan shekara biyu ya zama inuwar masu gadi.

Saboda haka ga aiki na ba ka, tun da Allah ya hore maka baki. Ranar da ka ji a rediyo an karɓi sabon jirgi, kada ka tambayi gudunsa ko yawan bindigoginsa, yara ma sun iya wannan. Kira shirin da ake buɗe layi, ka tambaya inji nawa na ajiya ya zo da su, makanikai nawa aka tura koyo, kwangilar kayan gyara ta shekara nawa ce, kuma in ya zo Maradi a ina zai sha mai. In sun amsa, ka zo ka faɗa mini. Motar likitar garinku kuma, gobe ka leƙa ka ga ko tana kan tayoyinta.

Shayin ya huce, na gani. Mai shayi, ƙara masa wani, shi zai biya.